Ayar da Ke Jikin Ginshiƙin Coci a Falarmo

Ran da na fara ganin hoton a wani littafi a laburare, na zaci kuskure aka yi wajen buga shi. Ginshiƙi ne na marmara, an sassaƙa masa aya ta 54 ta Suratul A'araf, amma a ƙasa an rubuta cewa yana ƙofar babban cocin Falarmo, a tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya. Na ce to, me ya kai ayar Alƙur'ani bakin coci? Wannan tambaya ce ta sa na bi sawun labarin.

Musulmi sun sauka a tsibirin a 827, daga ƙasar da yau ake kira Tunisiya. Jagoransu kuwa ba baƙo ba ne ga almajiran fiƙihu, watau Alƙali Asadu ɗan Furatu na Ƙairawan, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik. A 831 suka ci Falarmo, suka mai da babban cocin garin masallacin Jumma'a. Haka aka zauna har 1072, lokacin da Normandawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace garin, masallaci ya sake komawa coci.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaure mini kai. Sarki Roja na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, ya gina wa kansa ɗakin ibada a cikin fada, aka keɓe shi a 1140. Tsarin ginin irin na cocin Turawan Yamma ne. Bangaye da ƙubba kuwa aikin Rumawan Gabas ne, an lilliƙa musu ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, aka fitar da siffofin Almasihu da waliyyai. Amma ka ɗaga kai sama, sai ka ga rufin katako mai ramuka bisa ramuka kamar saƙar zuma, abin da Larabawa ke kira muƙarnas, salon zanensa irin na Faɗimiyyawan Masar. A cikin ramukan an zana makaɗa, da masu rawa, da mashaya, da zakoki, ga rubutun Kufi ya kewaye su. Ba aya ba ce, kalmomin fatan alheri ne ga sarki, irin su nasara da ɗaukaka. Roja na son duk wanda ya shigo, Bature ko Bagirke ko Balarabe, ya ga alamar sarautar da ya sani, ya rusuna. A fadar nan ne kuma Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, inda ya ambaci Gana da Kaukau da Kanem.

Marubuta da yawa sukan kafa hujja da wannan rufi su ce an yi zaman lafiya da lumana. Ni dai ina da ja. Ibn Jubairu, wanda jirginsu ya fashe a gaɓar tsibirin yana dawowa daga Hajji a ƙarshen 1184, ya yaba kyan cocin da wazirin Roja ya gina, ya ga matan Kirista da lulluɓi da lalle kamar Musulmi. Amma shi ɗin ne ya ba da labarin bayin fada da ke ɓoye sallarsu, da wani dattijo a garin Tarafani da ya roƙi ɗaya daga cikin alhazan ya auri 'yarsa ya fitar da ita, don tsoron abin da ke tafe. Tsoronsa bai faɗi ƙasa banza ba. Daga wajen 1220 Sarki Fardarik na Biyu ya shiga kwashe Musulmin tsibirin zuwa Lucera, a 1300 kuma aka tarwatsa su a can, aka sayar da da yawansu bayi.

Babban cocin kuwa an sake gina shi a 1185. Ginshiƙin nan, da ake jin ragowar wani masallaci ne, magina suka kafa shi a shirayin kudu yana tallafe da baka, kuma yana nan har yau a hannun hagu in za ka shiga.