Harshen Java da Tarihin Wata Baƙuwar Sana'a Tsakanin Bodinga da Shagari

Duk sana'ar da ka sani a ƙasar Bodinga da Shagari tana da gidanta. Ƙira tana da zuriya, haka fawa da wanzanci da jima. Yaro kan tashi ya tarar da mahaifinsa a bakin aiki, ya fara da zuga-zugi ko riƙe ƙafar dabba, kafin ya ankara hannunsa ya faɗa. Rubuta manhajar kwamfuta kuwa ba ta da uba a garuruwanmu. Baƙuwa ce, kuma mu da muka fara taɓa ta daga littafi muka koya, littafin ma sai ya tsufa kafin ya iso hannunmu. Na daɗe ina koyar da darasin kwamfuta a makarantun sakandare da ke kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, kuma ina so in ba da tarihin wannan baƙuwa ta hanyar harshe guda, wato Java, domin shi ne ya fara shiga aljihun mutanenmu tun kafin su san sunansa.

Kwamfuta ta shigo Arewa ta ƙofar jami'a. A Zariya, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar, daga baya ya zama minista a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983. A wancan zamani da harsunan FORTRAN da COBOL ake aiki, ana huda kati ana miƙa wa na'ura, mutum ya koma ya jira sakamako. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 kuma yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana koyar da ilimin kwamfuta a ƙarƙashin sashen lissafi. A 1988 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, kuma abin da ya sauko mana a sakandare shi ne harshen BASIC. Da alli muka koye shi, da alli muka koyar. Ɗalibi zai haddace umarni, ya rubuta shi a takardar jarrabawa, ya ci, alhali bai taɓa ganin na'ura ta karɓi umarnin nan ta amsa ba.

A daidai lokacin da muke wannan fama, can a Amurka wasu injiniyoyi na kamfanin Sun Microsystems, ƙarƙashin jagorancin James Gosling, sun fara aiki a 1991 kan wani sabon harshe. Da farko sun sa masa suna Oak, a 1995 suka bayyana shi ga duniya da sunan Java. Tsarin da aka gina shi a kai ya girme shi: wasu masana biyu na ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka assasa shi da harshen Simula a shekarun 1960, sannan Smalltalk da C++ suka yaɗa shi. Tsarin kuwa shi ne a kasa manhaja zuwa abubuwa, kowane abu da siffofinsa da ayyukansa. Idan rajistar makaranta za ka rubuta, sai ka fara bayyana mene ne ɗalibi: yana da suna, yana da aji, yana da maki, ana iya ƙara masa aji ko a ba shi takardar canjin makaranta. Daga wannan bayani guda kake fitar da ɗalibai ko nawa ne. Abin da Java ya ƙara shi ne alkawarin cewa manhajar da ka rubuta sau ɗaya za ta yi aiki a kan kowace irin na'ura, muddin an saka mata injin da ke fassara harshen.

Wannan alkawari ne ya kawo shi gare mu. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, kuma bayan 'yan shekaru samari a tashar Bodinga da kasuwar Shagari suka fara tambayar mai sayar da waya, "Tana da Java?" Mai tambayar bai san Gosling ba. Abin da ya sani shi ne idan hoton kofi mai tururi ya bayyana a fuskar Nokia, to wayar za ta ɗauki wasanni, za ta ɗauki Opera Mini a shiga intanet da kuɗi kaɗan, za ta ɗauki 2go a yi hira har dare. Masu cajin waya da masu tura waƙoƙi a bakin titi su ne malaman farko na wannan fanni a wajenmu, don su suka san wane fayil ke shiga wace waya. Da Android ta fito a 2008, kuma Tecno da itel da Infinix suka cika kasuwa, manhajojin cikinsu ma galibi da Java aka rubuta su, har zuwa 2017 lokacin da Google ya karɓi harshen Kotlin, wanda shi ma ɗan ɗakin Java ne. Mun yi shekaru muna cin moriyar harshen kafin a samu masu rubuta shi a cikinmu.

Da aka samu masu rubutun, sai matsalar tsohon littafi ta biyo mu. Java bai tsaya inda ya fara ba. A 2004 fitowa ta 5 ta ba da damar mutum ya faɗa wa na'ura cewa wannan jeri na ɗalibai ne zalla, don kada wani abu daban ya kutsa ciki sai an zo aiki a gane. A 2006 Sun ya fara buɗe asalin rubutun harshen ga kowa, abin da ya haifar da OpenJDK, wanda har yau ana sauke shi ba tare da biyan ko sisi ba. A 2010 kamfanin Oracle ya sayi Sun. A watan Maris na 2014 aka fitar da Java 8, wadda masu sana'ar ke ɗauka a matsayin babban juyi, domin ta kawo salon da ake kira lambda. Kafin ta, idan kana son sunayen ɗaliban da suka haura maki hamsin, sai ka umarci na'ura ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta ajiye, ta matsa gaba. Bayan ta, cewa kawai za ka yi a tace, a jera, a tara, cikin layi biyu ko uku da ake karantawa kamar magana.

Akwai wani abu a cikin Java 8 da ya shafe mu fiye da yadda masu shi suka zata. Tsohon tsarin kwanan wata na harshen abin ciwon kai ne: watan Janairu lambarsa sifili, Disamba goma sha ɗaya, shekara kuma daga 1900 ake ƙirga ta. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun rikice a nan har suna zargin kansu. Sabon tsarin ya gyara wannan, ya kuma zo da kalandar Hijira a cikinsa. A ƙasar da ake sa ranar aure da lissafin idda da zakka da watan Musulunci, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Sai dai kalandar da ke ciki ta Ummul Ƙura ce, wadda Saudiyya ke aiki da ita, mu kuwa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke jira, kuma wani lokaci a kan samu bambancin kwana guda. Don haka nakan ce wa ɗalibaina duk wanda zai rubuta manhajar kalanda don mutanen Sakkwato ya bar ƙofar da za a gyara ranar da hannu bayan an ga wata. Injiniyan da ke Amurka ba zai yi mana wannan tunani ba. Namu ne.

Daga 2017 aka sauya taku. Maimakon a jira shekaru, sai aka koma fitar da sabon Java kowane wata shida, a Maris da Satumba, ana ware wasu fitowa kamar 11 da 17 da 21 da 25 a matsayin waɗanda za a daɗe ana kula da su. A 2018 kalmar var ta rage maimaita dogon suna sau biyu a layi ɗaya. A 2021 aka tabbatar da record, wanda ya mayar da bayanin ɗalibin nan mai suna da aji da maki daga rubutun da kan cinye rabin allo zuwa layi guda. A 2023 Java 21 ta kawo hanyar da na'ura ɗaya za ta saurari dubban masu buƙata a lokaci guda ba tare da ta shaƙe ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon intanet ranar fitowar sakamakon jarrabawa ya san amfanin wannan.

Biyu daga cikin sauye-sauyen sun fi taɓa zuciyata. Na farko ya zo a Maris na 2022 da Java 18. Kafin nan, idan mai rubutu bai fayyace ba, harshen kan ajiye haruffa bisa tsarin na'urar da yake kai, kuma tsarin da yawancin kwamfutocinmu masu Windows ke bi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Na taɓa buga jerin sunayen aji na ga Ɗahiru ya koma ?ahiru, Bilƙisu ta koma Bil?isu. Yarinyar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malam, ko dai in riƙa rubuta shi babu lanƙwasa?" Abin ya yi mini zafi, domin haka ake rasa haruffan harshe, ɗaya bayan ɗaya, saboda gudun wahala. Tun daga Java 18, tsarin UTF-8 mai ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa da na ajami shi ne na asali. Na biyu ya tabbata a Satumba na 2025 da Java 25. Shekara talatin, mai koyo ba ya iya sa na'ura ta ce sannu sai ya kwafi public static void main da sauran kalmomin da bai san ma'anarsu ba, malami yana cewa ka dai rubuta, za ka gane nan gaba. Yanzu an sauƙaƙa wannan ƙofa, yaro zai iya farawa da layi uku da ya fahimci kowannensu. A ajin da ɗalibai da yawa ke layi a kan kwamfuta ɗaya, ana kuma tsoron ɗaukewar wuta, kowane layi da aka rage wani yaro ne ya samu zama.

Abin da ya sa na amince da wannan harshe shi ne bai cika zubar da tsohonsa ba. Manhajar da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce galibi tana aiki a kan sabon injin. Wannan ba baƙon hali ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga: a wajenmu ana barin matani yadda yake, a ƙara sharhi a gefe gwargwadon buƙatar zamani. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya a kan bugun 2004 yana koyar da shi a matsayin Java na yau, ya tauye ɗalibinsa.

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye a Sifawa da Ɗanchadi da ƙauyukan Shagari suka gane cewa wannan ilimi ba ado ba ne. Yaranmu sun iya danna amsa, saura su iya rubuta abin da ake dannawa. Dillalin albasa yana buƙatar manhajar da za ta riƙe masa bashi da Hausa, makarantar Islamiyya tana buƙatar rajista mai kwanan watan Hijira, kuma babu wanda zai zo daga waje ya rubuta mana su yadda muke so.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne mu duba shekarar da aka buga littafin da ke hannunmu kafin mu ɗora shi a kan allo, mu sauke sabon OpenJDK tunda kyauta ne, mu fara koyar da kanmu. Masu tsara manhajar karatu su riƙa sabunta ta a kan kari. Masu hali a Bodinga da Shagari kuma su taimaka wa makarantun garuruwansu da kwamfuta da wutar sola. Idan muka yi haka, yaran da ke gabanmu yau su ne za su zama gidan wannan sana'a, 'ya'yansu su tashi su gaje ta kamar yadda ake gadon ƙira.