Talabijin na Makaranta a Nijar da Batun Harshe

A shekarar 1964 aka kafa talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Akan watsa gajerun darussa, sa'an nan mai kula da aji, wanda galibi bai wuce firamare ba, ya bi su da tambayoyi da aiki. Wannan rabon aiki ya riga tsarin da Bergmann da Sams suka yaɗa a Amurka daga 2007, inda ɗalibi ke kallon bidiyo a gida, ya yi aiki a aji. Amma da Faransanci akwatin ke magana, harshen da yaro bai taso da shi ba. Koyarwa da Hausa kuwa sai a 1973 aka fara gwada ta a Damagaram.