Daga Zauren Makaɗi Zuwa Cibiyar Taya: Wa Ke Riƙe Da Koyar Da Kiɗa?

Da hutun damina da ya wuce na koma gida Ibohamane, na shiga gaida wani tsoho maƙwabcinmu wanda ya yi wa iyayenmu kiɗan aure. Kalangunsa na rataye a bangon zaure, fatar ta bushe har ta tsage. Na ce mishi, "Baba, ba a gyara shi?" Sai ya yi dariya ya ce in an gyara wa za ya buga. Ɗiyansa maza uku duk sun tafi bida, biyu Abijan, ɗaya Libiya. Jikokinsa suna lakwal, kuma a wurin biki yanzu waya ake haɗawa da lasifika. Tun daga ranar nake tambayar kaina: a ƙasarmu wa ke da alhakin koyar da kiɗa, kuma mine ne aikin wanda anka ɗora wa wannan nauyi? Don amsa tambayar ne na bi tarihin makarantu uku da kiɗa ya ratsa a Nijar.

Makaranta ta farko ita ce gidan makaɗi. Ba ta da allo, ba ta da takarda, amma tana da tsari kuma tana da shugaba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma kowane rukuni na jama'a da nasa kiɗa. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma a ranar gayya, mafarauta da ƴan bori suna da garaya, sarakuna suna da tambari da kakaki da algaita. A nan Adar, inda muke zaune tare da Buzaye da Fulani, kunnen yaro yana tasowa da tende na mata da sarewar makiyaya kuma. Yaron makaɗi yana farawa da ɗaukar kaya. Daga nan a ba shi kanzagi ya riƙa bin babbar ganga, sannan ya shiga ƴan amshi. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ja gaba. A hanya yana koyon zaɓen fata da ɗaure ta, yana koyon matsa tsarkiya har kalangu ya bi hawa da saukar muryar mutum, yana haddace take da kirari da asalin kowane gida a gari, don kada ya wasa mutum da sunan kakan da ba nasa ba.

Shugaban wagga makaranta shi ne uban gida, ko sarkin makaɗa in a fada ne. Shi ke karɓar gayyata, shi ke raba abin da anka samu, shi ke ciyar da yaransa, shi ke yi musu aure. Wato koyarwa da abinci a hannu ɗaya suke. Ƙarfin tsarin ke nan, kuma nan ne rauninsa. In sana'a ta daina ciyarwa, makaranta ta rufe ba tare da kowa ya sanar ba. Ga kuma ƙofa a kulle: wanda bai gada ba ba ya shiga, wanda ya gada kuwa ana yi mishi kallon maroƙi, har wasu gidaje su hana shi ɗiya. Kowa na son kiɗa a bikinsa, amma ba kowa ke son ɗansa ya zama makaɗi ba.

Makaranta ta biyu gwamnati ce ta buɗe ta, ko da yake ba da sunan makaranta ba. Bayan da Janar Seyni Kunce ya karɓi mulki a ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya a kowane gari da ƙauye. A 1975 anka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a nan Tawa, inda makaɗan ƴan kokowa sunka samu fili na ƙasa baki ɗaya. A 1976 anka fara bukin matasa na ƙasa a Damagaram, ana zagayawa da shi manyan birane. Ƙungiyar ƙauye takan yi gasa a gundumarta, in ta ci ta wuce jiha, daga nan ta wuce ta ƙasa, a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Iyayenmu na Keita da Buza da Madawa har yanzu suna ba da labarin waɗannan shekaru. Abin da samariya ta yi mai girma shi ne ta buɗe ƙofar da gado ya kulle: ɗan manomi da ɗiyar malami sunka hau dandali ba tare da an ce sun zubar da mutuncin gida ba, tunda aikin ƙasa ne.

Amma fa gasa daban, koyarwa daban. Ana tara matasa makonni kafin buki, a yi ta maimaici dare da rana, a ci ko a faɗi, kowa ya koma gona. Waƙoƙin kuma yawanci na faɗakarwa ne da yabon manufofin gwamnati. A 1987 anka ƙara wata gasa, Kyautar Ɗan Gurmu, wadda anka sa wa sunan shahararren mawaƙin nan na Adar, don ƙarfafa kiɗan zamani na ƴan ƙasa. Ta fito da matasa da yawa, ta kuma nuna abin da ya rage: akwai murya, akwai baiwa, amma babu inda yaro za ya zauna shekara da shekara a gaban malami, babu kayan kiɗa isassu, babu wurin ɗaukar sauti mai kyau.

Wannan giɓi ne makaranta ta uku ta zo cikewa. A 1990 Yamai tana da cibiyar horarwa da bunƙasa kiɗa, wadda ake kira CFPM Taya, da sunan marigayi Alhaji Taya, jagoran ƙungiyar kiɗan zamani da ya yi suna a babban birni. Ba don riba anka kafa ta ba. Asusun raya ƙasashe na Turai ne ya ba da tallafin farawa, na ƴan shekaru ƙayyadaddu. Cikin waɗanda sunka shugabance ta akwai Dakta Mahaman Garba, masanin kiɗan gargajiya wanda ya yi digirinsa na dakta a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. Cibiyar ta haɗa abubuwan da a da ba su zama a inuwa ɗaya: ajin koyon rubutun kiɗa irin na Turawa, jita da ganguna na zamani, tsofaffin makaɗan gargajiya, da ɗakin ajiye kayan kiɗa na ƙabilun ƙasar.

To ku duba aikin shugaban irin wagga cibiya. Da safe yana ofis yana rubuta rahoto ga masu ba da kuɗi da ma'aikatar al'adu, da harshen da suke ganewa, na lissafi da sakamako. Da rana yana lallashin tsohon makaɗi wanda bai taɓa shiga aji ba ya yarda ya koya wa yaron da ba jininsa ba. Da marece yana fuskantar uban da ke ganin ɗansa ya lalace, ko wanda ke da damuwa ta addini. Kuma tilas ya yanke shawara a kan abin da za a koyar: in ya ce sai an iya karanta kiɗa a takarda, ya kori gwanayen gargajiya. In ya ce kunne kaɗai ya isa, ɗalibansa ba za su iya aiki da makaɗan wasu ƙasashe cikin sauƙi ba. Sarkin makaɗa na da bai san wannan rabuwar hankali ba, don shi kuɗinsa da ɗalibansa da masu saurarensa duk a gari ɗaya suke.

Cibiyar ta yi ƴaƴa, wannan babu gardama. A farkon shekarun 1990 ta haɗa matasa a ƙungiyar Takeda, cikinsu har da Sa'adu Bori na Maraɗi da Musa Pusi, waɗanda daga baya faifansu na haɗin gwiwa, Niamey Twice, ya fita a Turai. A 1995 Yakuba Mumuni, mai busa sarewa, da Abdullahi Alhasan, mai jita, sunka kafa Mamar Kassey, ƙungiyar da ta haɗa molo da ƙwarya da kalangu da kayan zamani, ta kai kiɗan Nijar ƙasashen waje. Sai dai tallafin foroje yana da ranar ƙarewa, kuma shekarun da sunka biyo baya masu wuya ne: an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, an yi juyin mulki a 1996 da 1999. A irin wannan hali, kiɗa ba shi ne farko a kasafin kowace gwamnati ba.

Mu ƴan Keita mun san wannan darasi da idonmu. Forojen raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara a 1984. Iyayenmu mata sun ɗauki duwatsu a ka, an jera su a kan tudu, an dasa itatuwa, an tare ruwa. Motoci da ofisoshi sun zo sun wuce. Abin da ya zauna shi ne abin da ya shiga hannun mutane, har manomi ya iya jera dutse a gonarsa babu mai tsaye a kansa. Haka kiɗa yake.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne na Malam Maman Barka. An haife shi a Tesker, a jihar Damagaram, cikin Tubawa makiyaya. Malamin lakwal ne kafin a san shi da gurumi, daga baya ya yi aiki a cibiyar Taya. A yankin Tafkin Cadi, Buduma masunta suna da wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa, sunansa biram. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye tafkin, rayuwar masunta ta canza, matasa sunka bar koyo, har ya zama tsoho ɗaya ne anka sani da gwanintarsa, Bukar Tar. A 2002 Malam Barka ya samu tallafin UNESCO, ya bar Yamai ya tafi gabas ya zauna a gaban wanga tsoho kamar yaron gida, ya koyi bugun da waƙoƙin. Bayan rasuwar Bukar Tar, shi ya ɗauki biram ya kai shi Turai, tare da Umaru Adamu, makaɗin Maraɗi, kuma faifansa ya fita a Ingila a 2009. Malam Barka ya rasu a watan Nuwamba 2018.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Da an tura mota an sayo biram an rataye a ɗakin ajiya, da itace da fata kawai anka ceto. Abin da ya raya shi shi ne an biya wa mutum ɗaya kuɗin tafiya da zama, ya yi koyo irin na makaranta ta farko, da kuɗin makaranta ta uku. Kuma rasuwarsa ta sake tayar da tambayar da ta tashi a zamanin Bukar Tar: wa ya zauna a gabansa shi ma? Ilimin da ke kan mutum ɗaya kullum yana bakin rami, ko mutumin yana ƙauye ko yana da fasfo cike da hatimi.

Daga wannan tarihi na fahimci cewa babban aikin shugaban makarantar kiɗa shi ne ya tabbata kullum akwai yaro zaune a gaban gwani, kuma gwanin da yaron duk sun ci abinci. Gini da gasa da tafiye-tafiye suna da amfani in suna yi wa wannan zama hidima. Shugaban da ya ci kofi goma amma bai bar magaji ko ɗaya ga tsohon da ke koyarwa a wurinsa ba, bai gama aikinsa ba.

Mu a Ibohamane ba mu da cibiya, kuma tsakaninmu da Yamai tafiyar yini ce. Amma abin da Malam Barka ya yi bai buƙaci bene ba. Ƙungiya mai zaman kanta, ko ta ɗalibai irin tamu, tana iya farawa da abu huɗu. Ta rubuta sunayen makaɗan da sunka rage a ƙauyukan gundumar da abin da kowa ya iya. Ta ware musu ɗan alawus na wata, ko jika biyar ne, don a san koyarwa aiki ce ba bara ba. Ta nemi yardar iyaye da malamai da maigari tun farko, a yi abin a fili da rana, bayan an tashi daga lakwal, a zaɓi waƙoƙin noma da na aiki da na tarihi waɗanda babu batsa a ciki. Sannan ta ɗauki sautin kowane darasi a waya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, tare da sanin cewa abin da ke cikin waya ba ya gyara hannun yaro in ya yi kuskure. Kuma duk wanda ya shugabanci abin ya lissafa tun ranar farko yadda za a ci gaba in mai tallafi ya janye.

Kafin in baro gida na koma wurin tsohon nan na tambaye shi kuɗin gyaran kalangu. Ya ce fatar akuya ce da tsarkiya, ba wani abu ba ne, in dai akwai wanda za ya zo ya zauna. Ƙanena mai shekara goma sha biyu ya ce yana so. Babanmu bai amsa ba tukuna, ya ce sai ya yi shawara. Ni dai na bar kuɗin fatar a hannun tsohon.