Kufan Tungaye Masu Ganuwa a Ƙasar Yauri

Idan ana zancen ganuwa a ƙasar Yauri, hankali yakan tafi ga Birnin Yauri, tsohuwar hedkwatar masarautar, wadda 'yan'uwan nan biyu Turawa, Richard da John Lander, suka tarar kewaye da katangarta a 1830. Amma ganuwar da ta fi bayyana halin da talaka ya zauna ciki ita ce ƙarama, watau wadda manomi ya kewaye tungarsa da ita.

Dalilin gina ta ba ɓoyayye ba ne. A ƙarni na 19 rigingimun sarauta sun raunana Yauri, kamar yadda Mahdi Adamu ya nuna a bincikensa na 1968. Daga bisani kuma Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kontagora suka matsa wa Kambari da harin bayi, har zuwa 1901 da Turawan Ingila suka ci Kontagora. Manomin da ke nesa da birni dole ya nemi wa kansa mafita. Sai dangi su haɗu su haƙa gwalalo, su tara ƙasar da suka fitar ta zama katanga, su dasa sarƙaƙiya a bayanta, su bar ƙofa ƙunci. Rumbuna a tsakiya ake sa su, domin maharin da ya kwashe hatsi ya gama da gida ko da bai kama kowa ba. Irin wannan katanga ba ta tsare rundunar yaƙi; amfaninta ta jinkirta doki har mata da yara su kai ga dutse ko kurmi.

Ginin ƙasa ba ya jure damina in babu yaɓe. Saboda haka abin da yakan rage a kufai shi ne tudu mai zagaye, da kwarin gwalalo da ya cike, da kukoki, da duwatsun niƙa, da tsingaro. Garma kuwa tana cin tudun kowace shekara.

Gungawa da Shangawan da ke tsibirai ba su dogara da katanga ba, Kwara ce ganuwarsu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da ƙauyukan gaɓa masu yawa, aka tayar da mutum sama da 40,000. Don haka mai nazarin kufan Ngaski da Shanga ya lura: shaidar tudu kaɗai ta rage masa. Ta tsibirai tana ƙarƙashin ruwa, sai abin da dattawa suka riƙe a ka.