Ragar da Ake Kama Iska da Ita

A 1901, 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright sun ƙera akwatin gwaji a Dayton ta Amurka, suna hura iska a kan ƙananan fikafikai kusan 200 don gane irin lanƙwasar da ta fi ɗaga jirgi. A lokacin, siffar fiffike aikin hannu da ido ce, tamkar sassaƙar turmi.

Hukumar NACA ce ta mayar da ita lissafi. A rahotonta na 1933, Eastman Jacobs da abokan aikinsa suka jera siffofi 78, kowacce da sunanta na lambobi. Duk wanda ya ga 2412 ya san kaurin fiffiken kashi 12 ne cikin ɗari na faɗinsa, ya kuma san inda doronsa ya fi tudu. Tun kwamfuta ba ta zo ba, an tanadar mata abin karantawa.

Da ta zo, sai wahalar ta koma kan iskar. Kwamfuta ba ta iya lissafa iska a dunƙule. Dole a yanyanka sararin da ke kewaye da fiffike zuwa dubban ƙananan idanu, wato raga. Raga mai miƙaƙƙun layuka kuwa ba ta kwanciya a jikin abu lanƙwasasshe, sai gefen fiffike ya fito kamar matakala. Alhali a nan ne rai yake: cikin siririyar iskar da ke manne da jikin fiffike ake samun tirjiya, kuma idan ta ɓalle, jirgi ya rasa abin da ke riƙe da shi. A 1974, Joe Thompson da Thames da Mastin na jami'ar jihar Misisifi suka wallafa hanyar da kwamfuta za ta saƙa ragar da ke bin jikin kowace siffa. A ganina, tarihi bai ba su rabonsu na yabo ba.

Mark Drela na MIT ya bi ta wata ƙofar. Manhajarsa XFOIL, ta 1986, gefen fiffiken kawai take rarrabawa, ta bar sararin. Tana da sauri, ga ta kyauta a hannun ɗalibai, amma da iska ta ɓalle sosai sai amsarta ta raunana, a koma ga raga.

Har a 2014, wani binciken da NASA ta ɗauki nauyinsa ya ambaci saƙar raga cikin manyan abubuwan da ke jinkirta aikin injiniyoyi.