Zaure, Soro da Kududdufi: Tarihin Gidan Ƙasa a Damagaram

Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Damagaram da tsakar rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, zai lura da inda mutane suke fakewa. Ba kasafai ake samun su a ɗakunan bulo masu rufin kwano ba. Dattawa suna cikin tsofaffin zaurukan ƙasa, a kishingiɗe bisa tabarma, domin a nan ne mutum zai iya yin ƙailula ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba. Wannan sanyin ba dace ba ne. Ƙwarewa ce da magina suka tara a tsawon zamani, kuma tarihinta ya haɗa da sarauta da fatauci da addini da cututtuka.

Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 a matsayin masarautar da ke biyan gaisuwa ga Barno, tana kuma tsare da hanyar ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Garin ya kasu biyu: Birni, inda fada take, da Zango, inda Buzaye da sauran fatake suke sauke raƙuma. Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a nan a ƙarshen 1852. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo, kuma a zamaninsa garin ya cika da malamai da maƙera da majema da magina. Sana'ar gini gado ce a ƙasar Hausa, tana da sarkinta, wato Sarkin Magina, kuma yaro yakan fara ne da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali shekaru kafin a bar shi ya ɗora azara.

Asalin ginin shi ne tubali. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta ruɓa na ƴan kwanaki, sa'annan a mulmula ta da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Bangon da aka yi da shi yakan kai rabin mita ko fiye a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da mutanen gida suka riga suka fito da shimfiɗunsu tsakar gida. Da hunturu kuwa al'amarin yakan juya: ɗumin da bango ya ajiye da rana shi ne bargon masu barci da asuba. Rufi na azara ne, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa ɗakin talaka ya zama ƙarami. Wanda yake son soro mai faɗi sai ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo, inda ake ɗaure azara a kan azara cikin ƙasa har ta lanƙwasa ta haɗe a sama, a ɗora tulluwa. Tsawon rufin soro ba don alfarma kawai ba ne. Iska mai zafi takan tashi sama ta bar mazauna ƙasa cikin sanyi.

Fasalin gidan kuwa addini da kunya ne suka zana shi. Baƙo yakan tsaya a zaure. Nan maigida yake karɓar gaisuwa, nan malami yake karantarwa, nan maɗinki ko dukawa suke aiki. Bayan zaure akwai fili, inda ɗakin samari ko na baƙi yake, sa'annan shigifa, kuma ba a daidaita ƙofofin a layi ɗaya, domin kada idon mai wucewa ya kai ga matan gida. Sai an wuce waɗannan ake isa tsakar gida, wadda ita ce ainihin gidan. A nan ake daka da girki da wanki da shanya, a nan yara suke rarrafe, a nan ake kwana da bazara. Macen da ke cikin kulle ba za ta iya rayuwa cikin ƙoshin lafiya ba in ba don wannan filin ba, domin shi ne rabonta na rana da iska da motsa jiki. Ana ajiye randa a inuwa, bisa yashi mai laima, ruwan yana tsatsafowa ta jikin yumɓu yana sanyaya na ciki. Makewayi yakan kasance can ƙuryar gida, nesa da madafa, kuma ana kiyaye kada mai shiga ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ruwan wanka da na sama suna fita ta wuriya, na kan soro kuma ta indararo, wanda ake tsawaita shi don kada ruwa ya zubo a gindin bango.

Cikin ɗaki ikon mace ne, kuma adonsa ya girmi adon waje. Kafin amarya ta tare, matan unguwa sukan taru su yi daɓe: a baza tsakuwa da ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa, har ƙasan ɗaki ta yi tauri da santsi. Daɓen kirki yana sharuwa, ba ya tayar da ƙura, kuma ba ya barin tsagar da ƙuma ko kunama za su ɓuya. Daga nan sai a shafe bango da farar ƙasa, wadda take ƙara haske a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Sa'annan a yi jere. A da, ƙorai masu zane da akusa da tasoshin tagulla ake ɗorawa bisa juna. Da kayan Turai suka shigo, sai kwanonin sha da langa-langa masu furanni suka maye gurbinsu, daga baya kuma aka koma kabad mai gilashi. Wanda bai san al'adar ba yakan ɗauki jere a matsayin gasa tsakanin iyayen amare, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma jere dukiyar mace ce ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar da yunwa ko jinya ta zo, kuma kwanon da ake wankewa a goge a jera ba ya zama da datti. Turaren wuta, wanda matan Damagaram suka yi tarayya da matan Barno a kansa, shi ne yake cika adon.

Zanen da ake gani a fuskar gidaje, wanda a yau ya zama tambarin birnin, ya fi yawaita ne a ƙarni na 20. Kafin nan, gwanintar magina ta fi bayyana a cikin fada da masallaci da turakar manya. Da fataucin hamada ya ja baya, cinikin gyaɗa da fatu da Kano ya haɓaka, sai aka sami attajiran da ba su da sarauta amma suna da kuɗi, kuma ƙofar zaure ta zama wurin da za su nuna hakan. Magini yakan zana dagi da takobi da allo da da'irori da yatsunsa tun yaɓe yana ɗanye, ya tayar da zankwaye a kusurwoyin soro. Daga baya aka fara kankare zanen a jikin siminti ana bin sa da fenti. Ba Damagaram kaɗai ba ce: Zariya da Kano sun yi haka, a Agadas ma akwai gidan nan da ake kira na mai burodi, wanda cikinsa yake cike da zanen ƙasa. Abin lura shi ne ado da kariya aiki ɗaya ne a wurin magini. Yaɓen makuba, da laso da ake haɗawa da katsin marina, su ne suke hana ruwa cin bango, kuma gidan da ake sabunta wa zane gida ne da ake sabunta wa yaɓe.

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi kamar gidan ƙasa ba shi da aibu. Duk tubalin da aka ɗora, daga rami aka haƙo shi, kuma ramin yana nan bayan gida. Shi ne kududdufi. Da damina yakan cika da ruwa, ya zama wurin wanki da shayar da dabbobi da wasan yara, ya kuma zama mahaifar sauro da matattarar tsargiya. Garin da ya fi kowane yawan soraye shi ne ya fi yawan kududdufai. Ƙanƙantar taga, wadda take tare zafi da ƙura da idon baƙo, ita ce take hana iska zagayawa idan mutum shida suka kwana ɗaki ɗaya da hunturu, an rufe ƙofa, an hura gawayi. Damagaram tana cikin yankin da sanƙarau yake ɓarkewa daga hunturu zuwa bazara, kuma cunkoso a rufaffen ɗaki yana taimaka masa. A gidajen da fili ya yi kaɗan, salga takan matso kusa da rijiya. Ga kuma rushewar bango idan aka yi sakaci da yaɓe aka sami ruwa mai ƙarfi, abin da yake cin rayuka har yau.

Faransawa sun ci garin a 1899, shekara ɗaya bayan kisan Kyaftin Cazemajou, suka mai da shi hedikwatar yankin soja a 1911. Ba su zauna cikin Birni ba. Sun gina barikinsu da unguwarsu a gefe, da tituna masu faɗi da gidaje masu baranda, kamar yadda Ingilishi suka yi a Kano, inda doka ta tanadi fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa don gudun zazzaɓi. Tsaftar da mulkin mallaka ya kawo wa talaka ta zo ne da tara: ma'aikatan da ake kira duba-gari suna leƙa randa suna neman tsutsar sauro. Manufar ba ta da laifi, amma namiji baƙo ya wuce shigifa cin fuska ne babba, kuma hakan ya sa mutane da yawa suka ɗauki maganar tsafta a matsayin fitinar hukuma. A 1926 aka mayar da babban birnin ƙasar zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha a Damagaram yana cikin dalilan da aka bayar.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, siminti da kwano suka zama alamar ci gaba, musamman da aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Waɗanda suka rungume su ba wawaye ba ne. Gidan bulo ba ya neman yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, kuma gayyar da ake yi a da don taya maƙwabci gyaran soro ta yi rauni. Abin da aka biya shi ne zafi. Bangon bulo siriri ne, kwano kuma yana gasa ɗaki tun hantsi, sai a dogara ga fanka a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Filaye sun ƙanƙance, tsakar gida ta koma lungu, zaure ya koma shago ko garejin mota.

Duk da haka ƙasa ba ta bar hannun magina ba. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Daga 1980 aka fara koya wa magina a Nijar yin rufin tulluwa da tubali zalla, ba tare da itace ko ɗaya ba, domin amsa matsalar azara. A 2016 kuma aka kammala rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, waɗanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka tsara da bulon ƙasa da aka matse da inji. Gidajen benaye ne, saboda fili a Yamai ya yi tsada, an buɗe musu tagogi ta yadda iska za ta ratsa, amma kowannensu an bar masa ɗan fili a ciki wanda ake iya shimfiɗa tabarma a kwana da bazara, kuma mai wucewa a titi ba ya hango shi.