Kama Hayar Gida a Agege: Yadda Ake Yi da Abin da Dokar Legas Ta Tanada

Agege na cikin unguwannin da Bahaushe ya fi daɗewa a cikinsu a Jihar Legas, kuma har yau nan ne masaukin farko ga da yawa daga cikin masu zuwa daga Arewa domin fatauci, ƙwadago ko karatu. Akasarin mazauna yankin 'yan haya ne. Baƙo kan samu ɗaki ta hanyar ɗan'uwa ko ɗan garinsu da ya tsaya masa, amma ranar da saɓani ya taso tsakaninsa da mai gida, rasit da takardar yarjejeniya da tanadin dokar haya ta jihar su ne abin da kotu za ta duba.

Asalin zaman Hausawa

Agege ƙaramar hukuma ce a arewacin birnin Legas, tana maƙwabtaka da Ikeja da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 450,000. A 2003 gwamnatin jihar ta yanki wani sashe nata ta kafa yankin raya ƙasa na Orile-Agege.

Noma da layin dogo ne suka raya garin. A farkon ƙarni na 20 Agege ta yi suna da gonakin koko da na goro, kuma jirgin ƙasa da ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano bayan kimanin shekara goma, ya mai da ita tashar lodin goro zuwa Arewa. Fataken Hausawa suka kafa Zango kusa da tasha, suka yi masallatai da kasuwa, suka naɗa Sarkin Hausawa. Daga baya mayankar Oko-Oba ta jawo dillalan shanu da mahauta, makarantar Markaz ta Sheikh Adam Abdullahi Al-Ilori kuma ta jawo ɗaliban Larabci daga sassa daban-daban.

A tsohon tsarin zango, baƙon falke ba ya biyan haya kai-tsaye. Yakan sauka wurin maigida ko fatoma, wanda zai ba shi makwanci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sannan ya samu rabonsa daga la'adar ciniki. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi bayanin irin wannan tsari a binciken da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Ragowar wannan al'ada ce ta sa har yanzu ake yawan ƙulla haya da baki tsakanin Hausawa, a dogara ga amana da shaidar dattawa. Sai dai gidaje da yawa a Agege mallakar iyalan Yarbawa ne ko magada, kuma hulɗa da su kan bi ta hannun dillali ko lauya.

Ire-iren gidaje da abin da ke ɗaga farashi

Mafi araha shi ne ɗaki ɗaya a gidan yawa, inda ɗakuna ke jere suna kallon juna, lungu ya ratsa tsakiya, ana tarayya a banɗaki da madafa a bayan gida. Sama da shi akwai ciki da falo, sai ɗaki mai banɗaki da kicin nasa na kansa, sai ƙaramin filat, sannan filat mai ɗakuna biyu ko uku. Tsofaffin gidajen yawa sun fi yawa a kewayen Zango da Isale-Oja da sassan Orile-Agege, yayin da ake samun filat-filat da rukunin gidaje a Oko-Oba da wasu sassan Dopemu.

Sufuri na daga cikin manyan abubuwan da ke yanka farashi. An buɗe layin motocin BRT daga Oshodi zuwa Abule-Egba a 2020, gadar sama ta Pen Cinema a Maris 2021, sai tashar jirgin ƙasa ta Babatunde Fashola a kan sabon layin Legas zuwa Ibadan a wannan shekarar. A Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari na Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke tsayawa a Agege, ya kuma fara ɗaukar fasinjoji a Oktoba. Duk abin da ya rage wa ma'aikaci lokacin zuwa Ikeja ko Oshodi ko Yaba yakan ƙara wa ɗakin da ke kusa daraja. Wannan ya sa masu ƙaramin ƙarfi da dama ke matsawa zuwa Agbado da Sango-Ota a Jihar Ogun, inda dokar haya ta Legas ba ta aiki.

Kuɗin da ake nema kafin a karɓi makulli

Abin da ake faɗa a matsayin kuɗin haya ba shi ne jimillar abin da sabon ɗan haya zai biya ba. Bisa al'ada ana ɗora masa la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar masa ranar tashi idan bai lalata komai ba. Wasu dillalai kuma kan karɓi kuɗin zagayawa tun kafin su nuna ɗaki.

Gwamnatin Legas ta sha nanata cewa la'adar dillali kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. A misali, idan hayar shekara naira 500,000 ce, la'adar ba za ta haura naira 50,000 ba. Hukumar LASRERA ce ke yi wa dillalan gidaje rajista a jihar tare da karɓar ƙorafe-ƙorafe a kansu, don haka mai neman gida na da damar tambayar dillali shaidar rajistarsa.

Nauyin wannan biya na lokaci ɗaya ya fi bayyana idan aka auna shi da albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne a wata tun 2024, na Jihar Legas kuma naira 85,000. Mai karɓar kuɗi wata-wata ko mai samun na yau da gobe shi ake nema ya tara hayar shekara guda ya biya gaba ɗaya, abin da ke sa mutane shiga adashi ko cin bashi.

Tanadin dokar haya ta 2011

Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a Agustan 2011, ta shafi duk jihar ban da Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA. Agege na ƙarƙashinta.

Dokar ta haramta wa mai gida ko wakilinsa karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ga wanda ke zaune a gidan, ba za a nemi fiye da ta wata shida ba idan mai biyan wata-wata ne, ko fiye da ta shekara ɗaya idan mai biyan shekara-shekara ne. Hukuncin saɓa wannan shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, kuma ya hau kan ɗan hayan da ya yi tayin biya kamar yadda ya hau kan mai karɓa.

Bayar da rasit wajibi ne. Dole ya ƙunshi ranar biya, sunaye da adireshin ɓangarorin biyu, bayanin gidan, adadin kuɗin da tsawon lokacin da aka biya wa. Shaidar tura kuɗi ta banki na taimakawa, amma ba ta nuna wane ɗaki ko wane wa'adi aka biya ba. Rasit ya ƙara muhimmanci bayan sabuwar dokar harajin ƙasa ta 2025 ta tanadi rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake yanka wa mutum haraji a kai.

Game da tashi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, notis na mako ɗaya ne ga mai zaman da ba a ƙayyade masa lokaci ba, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku ko shida-shida, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan cikar notis, mai gida zai ba da wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da niyyarsa ta karɓar gidan, sannan ya shigar da ƙara. A nan ne karanta yarjejeniya kafin sa hannu ke da amfani, domin abin da aka rubuta a cikinta shi ke rinjaye, kuma wasu takardun kan rage wata shida zuwa wata ɗaya. Haka nan hayar da aka ƙulla ta ƙayyadadden lokaci tana ƙarewa da kanta, takardar kwana bakwai kaɗai ake buƙata. Mai biyan wata-wata da bashi ya taru masa har wata shida ya rasa haƙƙin notis na farko.

Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Cire rufi ko ƙofa, watsar da kaya, barazana ko kawo 'yan daba laifi ne da ke jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Wanda aka yi wa ƙarin haya da ya wuce kima na iya neman kotu ta duba, kuma ba za a tashe shi ba har sai an yanke hukunci. Sai dai lauyoyi na gargaɗin kada ɗan haya ya jingina da kuskuren da ke cikin notis domin jan lokaci, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes.

Dokar ta ɗora wa ɗan haya nasa nauyin: biya a kan lokaci, kula da gida, barin mai gida ya duba wurin bayan sanarwa, da neman izini a rubuce kafin sauya gini ko sanya wani a ɗakin da sunan haya. Wannan na ƙarshe ya fi shafar samarin da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki da sunan mutum ɗaya, da magidantan da ke saukar da baƙi na tsawon watanni. Bayyana yawan mazauna tun farko na rufe ƙofar rigima.

A 2025 Majalisar Dokokin jihar, ƙarƙashin Kakaki Mudashiru Obasa mai wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya, ta fara aiki kan sabon ƙudirin haya, wanda ya ƙunshi shawarar rage la'adar dillali zuwa kashi 5 cikin 100. Ƙudiri ba ya aiki sai ya kammala matakansa ya zama doka.

Abubuwan dubawa kafin biya

Na farko shi ne tabbatar da wanda ke da ikon ba da hayar. Zambar da aka fi sani a Legas ita ce a karɓi kuɗin mutane da yawa a kan ɗaki ɗaya, galibi a ginin da ake cewa ana kan gyara, sai ranar tarewa a ga masu makulli sun fi ɗakuna yawa. A gidan gado kuma, wani daga cikin magada kan karɓi kuɗi ba da sanin shugaban iyali ba. Ganin mai gida ido da ido, tambayar tsofaffin mazauna, da biya ta asusun da sunansa ya dace da wanda ke kan yarjejeniya su ne kariya.

Na biyu wuta da ruwa. Kamfanin Ikeja Electric ne ke raba wuta a yankin, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, ya haura naira 200 a kan kowace yunit. Ya kamata a san rukunin layin, a san ko mitar ta kati ce, a kuma bincika ko akwai tsohon bashi a kanta. Gidaje da yawa na dogara ga rijiya ko burtsatse, ana raba kuɗin famfo tsakanin mazauna. Akwai kuma kuɗin kwasar shara da na masu gadi da ƙungiyar ci gaban unguwa ke karɓa, da lokacin rufe ƙofar layi da dare, wanda ke da muhimmanci ga mahauta da direbobi masu fita kafin asuba. Harajin filaye da gine-gine na jihar kuwa a kan mai gida yake.

Na uku lafiyar ginin. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, kuma alamar ruwa a jikin bango na nuna inda ambaliya ke kaiwa. Tsagewar bango, ko tambarin hukumar kula da gine-gine ta jihar a jikin gida, ko kusanci sosai da layin dogo da manyan magudanai, duk dalilai ne na ja da baya, domin wanda aka rushe masa masauki da wuya ya ga ragowar kuɗin hayarsa.

Inda ake kai ƙorafi

Matakin farko a tsakanin Hausawa shi ne dattawan unguwa, limamai da fadar Sarkin Hausawa, a ɓangaren Yarbawa kuma Baale da shugabannin ƙungiyar unguwa. Sulhunsu kan yi tasiri, amma ba ya ɗaure wanda ya ƙi amincewa. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta jihohin Arewa, don haka shari'ar haya na zuwa kotun majistare ne ko babbar kotu, gwargwadon yawan kuɗin.

Kafin a kai can, akwai Cibiyar Sasanta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda aka kafa a 1999, tana sauraron rikicin mai gida da ɗan haya kyauta a rassanta da ke sassan jihar. Idan aka daidaita, ana rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. A can ma, kamar a kotu, abin da za a fara nema daga ɗan haya shi ne rasit ɗinsa na ƙarshe da kwafin yarjejeniya, saboda haka wanda ba ya karanta Turanci ya nemi amintacce ya fassara masa takardar kafin ya sa hannu, ya kuma adana kwafinsa a wurin da ruwa ko gobara ba za su taɓa ba.